Alƙalin da Ke Tambaya da Kansa

Litinin, bayan la'asar

Yau ma Yaya bai dawo ba. Yana tsare a tsallaken gada, a ƙasar can, kuma an ce ba za a sake shi ba sai alƙali ya gama bincike. Inna ta wuni a bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafar da ba za ta dafa ba. Matar Yaya ta wanke kayan aikinsa ta shanya, har da rigar da tartsatsin walda ya huhhuje, wadda kullum take cewa a jefar.

Ni na je shago kamar yadda na saba. Kawu, yayan Inna, shi ne mai shagon waldar, shi ne kuma ya karɓo aikin gidan burodin nan na tsallake. Yaya ne ya haɗa ƙafafun tankin ruwan a can, ni na yi lodin ƙarfen daga nan. Tankin ya faɗo. Akwai mutum a ƙarƙashi, mai kwaɓa fulawa. Yana asibiti, an ce ƙafafunsa ba sa jin taɓi.

Iyakar abin da zan rubuta a kan ranar ke nan.

Talata, da safe

Kawu ya sa an share bayan shago fes. Tun da na fara aiki ban taɓa ganin tsintsiya ta leƙa wurin ba.

Laraba, da yamma

Kawu ya kawo lauya gida. Dogon mutum ne, takalminsa kamar madubi, ya zauna a kujerar marigayi Baba ba tare da an ce masa ya zauna ba. Inna ta sa mayafi ta zauna nesa kaɗan.

Ya yi bayani mai tsawo. Abin da na riƙe shi ne, shari'ar nan da ta can ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Wai a nan alƙali ba ya yanke hukunci sai ya duba abin da manyan alƙalai suka yanke a baya a kan magana irin wannan, kuma shi ya san wata tsohuwar shari'a ta rufin da ya rushe, inda babbar kotu ta wanke ma'aikacin, don haka in aka zo nan dole ƙaramin alƙali ya bi sawu. A can kuwa, in ji shi, littafi ne guda, lamba-lamba, an rubuta laifinka tun kafin a haife ka, alƙali buɗawa kawai yake yi ya nemo lambarka. Ya ce zai yi ƙoƙari a dawo da maganar wannan gefen, tunda a nan shagon yake.

Inna ta tambaye shi ko ya ga ɗanta. Ya ce bai da izinin aiki a can, amma komai yana hannunsa.

Na lura duk lokacin da ya gama magana, Kawu yake kallo. Ba Inna ba.

Alhamis, da rana

Zafi. Ba aiki. Kawu ya aike ni sayen ƙusa sau biyu, alhali akwai ƙusa cike da gwangwani.

Asabar, bayan azahar

An kai ni ofishin Lauya. Ɗaki ne mai sanyi, littattafai jere har rufi, duk bangonsu iri ɗaya. Ya ce waɗannan duk hukunce-hukuncen da aka yanke ne a baya, kuma su ne makamansa. Na so in tambaye shi ko ya karanta su duka, na fasa.

Ya ce za a iya kira na shaida, don haka zai shirya ni. Amsa huɗu ce gare ni: e, a'a, ban sani ba, ban tuna ba. Abin da ba a tambaye ni ba kada in taɓa shi. Ya ce a kotu lauyan ɗaya gefen zai zagaye ni ya yi ta tsikara har sai na zubar da abin da ke cikina, kuma mai yawan magana shi yake kai ɗan'uwansa gidan yari.

Sai ya zama shi ne lauyan ɗaya gefen, ya ɗaure fuska yana jefo tambaya. Yayanka gwani ne? E. Ka taɓa ganin waldarsa ta ɓalle? A'a. Kana wurin lokacin da aka ɗora tankin? A'a. Kawu na zaune a gefe yana juya makullin mota a yatsa, yana cewa madalla, Auta akwai kai.

Mun daɗe. Ya tambaye ni kala-kalar abubuwa, har abin da muka ci a ranar. Tambaya guda ce bai yi ba. Na jira ta har muka miƙe.

Lahadi, da safe

Matar Yaya ta ce in ci abinci sosai, wai in miji babba ya tafi ƙarami ne gadon gida, ba ta son a ce ta ramar da ni. Na ce ai ni ba zan iya da ita ba, tsadarta ta yi yawa. Ta fara dariya, sai ta katse ta shige ɗaki.

Talata, bayan magariba

Na raka Matar Yaya tsallake, mun kai masa kaya da sabulu. Ita an bar ta ta gan shi. Ni an ce a'a, sunana na cikin waɗanda alƙali zai saurara.

Daga nan muka je wurin lauyar da aka ba Yaya a can. Mace ce, gajera, da tabarau, ofishinta a saman wani shagon magani. Ta karɓi Matar Yaya da kyau, ta ba ta ruwa. Da na ce ni ƙaninsa ne, ni na yi lodin ƙarfen, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni tun ban rufe baki ba. Ta sa magatakardanta ya gaya mini da Hausa cewa ba za ta yi magana da ni ba, in fita in jira a waje.

Na tsaya a matakala ina jin warin magani. Lauyan da Kawu ya kawo ya ba ni wuni guda, wannan ko minti ba ta ba ni ba. Mai gidan burodin mutumin garinsu ne, harshensu ɗaya. Ban ce an saye ta ba. Amma ban ce ba a saye ta ba.

Laraba, da yamma

Kawu ya ba ni sabon gilashin walda, na kwali, irin wanda Yaya ya daɗe yana roƙo. Ya ce in maganar nan ta wuce, ni zan riƙe shago, shi ya gaji. Ya dafa kafaɗata ya ce in tuna uwata ba ta da kowa a duniya sai shi, kuma rufin da ke kanmu ma ban manta na wane ne ba.

Ban manta ba. Tun rasuwar Baba a gidansa muke.

Na ajiye gilashin a kwalinsa.

Juma'a, bayan la'asar

Na zauna da Baba Direba, maƙwabcinmu. Ya tsufa yanzu, gwiwa ta hana shi tuƙi, sai zama a ƙofar gida da rediyon da ba ya kama tasha. Ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin nan da tsallake, kuma yana alfahari da cewa ƙasashen biyu duk sun taɓa gurfanar da shi, a nan saboda ya taka katangar wani, a can saboda jaki.

Na ce ya gaya mini bambancin, da Hausar da zan gane.

Ya ce a nan kamar dambe ne. Lauyoyi biyu su shiga fili, kowa da shaidun da ya zaɓo ya wanke su tas, alƙali na can sama yana kallo, ba ya tono abin da ba a kawo masa ba. In duk su biyun suka tsallake wata magana, to ta tsallaku ke nan. A ƙarshe a jawo abin da wani alƙali da ya mutu tuntuni ya faɗa, a ɗora maka. A can kuwa kafin a kai ka gaban masu hukunci akwai wani alƙali daban, shi aikinsa tono. Shi zai kira wanda ya ga dama, shi zai tambaya, ya je wurin da abin ya faru da ƙafarsa, ya tara komai a takarda. Ya ce alƙalinsa na can har jakin sai da ya je ya duba.

Na ce wanne ya fi? Ya ce ya danganta da abin da kake ɓoyewa. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce a can sai ka ruɓe a tsare kafin mai tonon ya gama tononsa, a nan kuma sai ka ruɓe kafin lauyanka ya gama neman a ɗaga zama, kowa da irin tasa cutar.

Na ba shi labarin lauyar da ta kore ni. Ya ce ai mutunci ta yi mini. A can lauya ba ya taɓa shaida, in ya zauna da kai an ɓata ka, maganarka ta zama ruwan wanki. Na ce to in wani lauyan ya riga ya zauna da mutum fa? Ya kalle ni, ya ci gaba da murɗa rediyo.

Da zan tashi na tambaye shi ko ana dawo da shari'a daga can zuwa nan. Ya ce shi dai gawa ya ga ana dawowa da ita.

Asabar, da safe

Takardar kira ta zo. Ranar Laraba.

Litinin, da yamma

Lauya ya sake maimaita mini amsoshin ta waya. Na ce masa an ce a can ba a son a shirya shaida. Ya ce wa ya gaya mini, direba ko mai faci? Ya ce kotu kotu ce ko a ina, shiru bai taɓa ɗaure kowa ba.

Inna ta same ni ina wanke ƙafa. Ta tsaya a kaina ta ce, "Auta, ƙarfen nan da kuka kai…" Na ɗaga kai ina jira. Sai ta ce in shigo da bokitin idan na gama.

Laraba, bayan magariba

Na ɓata lamarin.

Ba kotu ba ce irin wadda nake gani a talabijin. Ƙaramin ofis ne a ƙarshen wani dogon baranda, fanka na juyi a sama, tulin takardu ɗaure da igiya a kan kujeru. Alƙalin ba babba ba ne, riga da wando kawai ya sa, hannun rigar a naɗe. Akwai mace mai buga na'ura, da tafinta, wani dattijo mai furfura a kunne. Ba lauyan da zai tsikare ni. Ba kowa sai su.

Tafinta ya ce ba za a rantsar da ni ba, saboda ni ɗan'uwan wanda ake tuhuma ne. Abin ya sosa mini rai, kamar an ce tun daga ƙofa an san maƙaryaci ne ni.

Na zauna ina jiran tambayar e ko a'a. Sai alƙalin ya jingina ya ce in ba shi labarin aikin nan daga farko, yadda na san shi, kada in yi sauri.

Ba a koya mini wannan ba. Na ce ban tuna ba. Ya ce me na manta? Na ce ban sani ba. Ya tambaye ni daga ina aka ɗauko ƙarfen. Ga ta nan, tambayar da na yi ta jira a ofis mai sanyi, ta zo mini a inda ba Kawu, ba makulli. Na ce ban tuna ba.

Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba. Sannan ya tambaya wa ya koya mini amsa haka. Wannan kam na sani, kuma na tuna. Na ce Lauya. Ya ce lauyan wa? Na buɗe baki in ce na Yaya, sai na ji ban tabbata ba. Na ce wanda Kawu ya kawo.

Ya juya ya faɗa wa mai na'ura da harshensu, ta buga. Tafinta ya karanta mini, na sa hannu.

Alhamis, da rana

Lauyar can ta kira Matar Yaya. Dā ta nemi a saki Yaya ya jira shari'a a waje, kuma alƙalin ya fara saukowa. Yanzu ya ƙi. Ya rubuta cewa akwai alamar dangi na shirya shaidu, in aka sake shi za a ƙara haɗa baki.

Matar Yaya ta ajiye mini abinci a ƙofar ɗaki ta juya. Ba miji ƙarami yau.

Juma'a, da safe

Na je wurin Lauya ba tare da Kawu ba. An bar ni a tsaye. Da ya fito ya ce wannan ya nuna mini irin shari'ar mutanen can, alƙali shi ne ɗan sanda shi ne mai hukunci, a nan da tuni ya yi kaca-kaca da su. Na tambaye shi ina maganar dawo da shari'ar. Ya ce ana kai. Na ce in an dawo da ita nan, wa zai zaɓi shaidun da za a kira? Ya ce shi mana. Na ce ni zai kira ni? Ya ce in da buƙata.

Yanzu na gane abin da ake so da wannan gefen.

Lahadi

Ban fita ba.

Talata, bayan la'asar

Kawu bai tsallaka gada ba tun ranar da abin ya faru. Dā kusan kullum yana can sayen waya da iskar gas. Yanzu ni yake aika, ko ya ce a bari. Na daɗe da lura, yau ne dai na rubuta.

An sake kira na. Wannan karon wai za a haɗa ni da Yaya fuska da fuska a gaban alƙalin. Baba Direba ya ce haka suke yi in magana biyu ta ƙi haɗuwa. Kawu ya ji, ya zo gida da kansa ya zauna da Inna a ɗaki, suka rufe ƙofa. Da ya fito ya ce mini jini ba wasa ba ne. Na ce haka ne, Kawu.

Alhamis, bayan magariba

Yaya ya rame. An aske masa kai, wuyansa ya yi tsawo. Ya ce, "Auta, ya Inna?" Na ce tana gaishe shi. Lauyarsa na zaune a bayansa, ta ɗan gyaɗa mini kai.

A kan teburin alƙalin akwai guntun bututun ƙarfe, an yanka shi a tsaye. Waje fenti ne mai kyau. Ciki kuwa, in ka sa farce sai ya zubo kamar garin bulo. Ashe tuntuni ya sa an yanko shi daga ƙafar tankin. Ba waldar ce ta ɓalle ba, wannan ya riga ya sani. Abin da yake nema shi ne wanda ya san cikin ƙarfen kafin a shafe shi.

Tafinta ya karanta abin da Yaya ya faɗa tun farkon kama shi: wai shi ya zaɓo ƙarfen da kansa, shi ya saya, ba ruwan kowa. Na kalli Yaya. Shi yana kallon ƙasa. Mutumin da ranar da aka yi lodi yana can tsallake yana haƙa ramin ƙafafu, bai ga ƙarfen ba sai da fentinsa ya bushe.

Alƙalin ya ce mini, kamar wancan karon, in ba shi labari daga farko.

Yaya ya riga ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan bai san komai ba, ɗan aike ne." Sannan ya juyo ya ce da ni a hankali, ba don tafinta ba, "Ka tuna Inna."

Na ce, "Ita nake tunawa, Yaya."

Na fara daga bayan shago. Na faɗi tsohon ƙarfen da ya shekara a jibge a wurin, ruwa na dukansa. Na faɗi ranar da aka kira mai fenti, da wanda ya kira shi. Na faɗi yadda na ɗaga bututu na farko na ji ba nauyi, da abin da na ce, da abin da aka ce mini. Ba wanda ya katse ni. Na'ura kawai ke ƙara. Ban san ina da magana mai tsawo haka a cikina ba.

Da na gama, alƙalin ya tambayi Yaya ko yana nan a kan maganarsa. Yaya ya rufe fuska da tafin hannu. Sannan ya girgiza kai.

Juma'a, da safe

Na je shago na tarar an canza kwaɗo.

Litinin, da rana

Ba wanda ya yi mini magana a gida tun ranar Alhamis, sai Matar Yaya, ita ma da ido. Kawu ya aiko yaronsa na gida ya gaya wa Inna yana son ɗakunan nan kafin ƙarshen wata. Inna ta ce ta ji. Lauya ba ya ɗaukar wayata. Baba Direba ya ce takardar kiran Kawu za ta bi ta ofis-ofis kafin ta tsallako, tana iya shekara, tana iya ɓacewa a hanya, kuma muddin bai taka gadar nan ba ba mai taɓa shi.

Mai kwaɓa fulawa har yanzu yana kwance.

Laraba, da safe

An saki Yaya jiya da yamma. Ba a wanke shi ba tukuna, shari'a na gaba, kuma sharaɗin shi ne ba zai bar ƙasar can ba har a gama. Lauyarsa ta samo masa ɗaki a bayan wani garejin mota. Matar Yaya ta tafi tun jiya.

Ni ina zaune a tsakar gida ban san inda zan nufa ba, tunda ba shago. Sai Inna ta fito da mayafinta na unguwa, da jaka babba, da tukunya ɗaure a zane. Ba ta kalle ni ba. Ta kulle ɗakinta, ta tsaya tana juya makullin a hannu, sannan ta ajiye shi a kan taga.

Na ce Inna, hanyar gada ta gaban shagon Kawu take bi, ko mu zagaya ta bayan kasuwa?

Ta ɗora mini jakar a ka. Ta ce, "Ba na zagaye. Shiga gaba, kai ka san hanya."